Yadda na haddace gwajin Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano salulata ba ta huta ba. Ƴan ajinmu na lise, wato sakandare, kowacce da tata tambayar: yaya teku, da gaske ne mata ke tuƙa moto, wato babur, da kansu, ina tsarabarmu. Har Nafisa ta tako gidanmu tun daga Gamkalle don ta ji da kunnenta. Na buɗe baki zan fara, murya ta ƙi fita, sai na ce mata kaina ke ciwo. Ki yi haƙuri Nafisa, ba ciwon kai ba ne. Akwai wata tasha a can da har yanzu ba na iya ba da labarinta da baki. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kaɗan-kaɗan yadda zan iya, kowa ya karanta a bar ni in huta.

Waɗanda muka zauna aji ɗaya kun san abin da a gidanmu ake kira "abin Ramatu". Waɗanda ba su sani ba, ga shi. In hayaniya ta yi yawa, ko aka tsaya a kaina ana yi sauri, yi sauri, sai komai ya ɗauke mini. Rubutu ya riƙa hawan juna, bakina ya rufe, ƙafafu su ƙi ɗaukata, in zauna ƙasa in toshe kunne ko a ina ne. An yi rubutun sha, an yi hayaƙi, an kai ni wurin likita ya ce lafiyata ƙalau. Shi ya fitar da ni daga lise, ranar da ya tashi ana tsakiyar jarrabawa. Shekara uku ke nan ina gida. Ko Babbar Kasuwa Baba ba ya bari in je ni kaɗai, alhali a can rumfarsa ta atamfa take.

Wadda ta jawo tafiyar ita ce Zuwaira, ɗiyar gwaggona, taubashiyata. Ta girme ni da shekara uku, ta yi jami'a, tana aiki a wani ɗan buro, wato ofis, a Zongo inda suke ƙera aplikasiyo, manhajar da ake sayen tikitin kar, babbar motar fasinja, da ita ta salula. Wata ƙungiya a Kwatano ta kira taron masu irin aikinsu, a kan yadda za a yi aplikasiyo da ba zai wahalar da mutanen da ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta wata hanya daban ba: masu kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, waɗanda haruffa ke juya musu, waɗanda ƙara ke yi wa ciwo. Sharaɗin taron shi ne kowane buro ya zo da mutum ɗaya irin wannan, wanda zai gwada musu. Zuwaira ta ce ita ba sai ta nema ba, tana da shi a gida. Mai buron nasu kuma ya ce in na yi, zai ɗauke ni aikin gwaji a nan Yamai.

Kwana huɗu gwaggo tana zarya kafin Baba ya kira mu. Ya ce, "Ramatu, ki saurara da kyau. Ki tahi. In kin tahi kin dawo lahiya, abin nan bai tashi ba ko sau guda, na bar ki ki yi aikin. In ya tashi, magana ta ƙare, ba na son kuka. Zuwaira, ke ce shaida."

Zuwaira ta ce, "Kawu, ai ko tari ta yi zan rubuta."

Da wannan sharaɗin a wuyana na hau kar bayan sallar asuba.

Ba mu wuce bakin gari ba direba ya kunna fim da ƙara kamar yana so a ji a Doso. Na riga na tura auduga a kunne ƙarƙashin hijabi, ba wanda ya gani. Kusa da mu wata tanti ce mai buhun busasshen kifi tsakanin ƙafafunta, ta ƙi yarda a sa shi a bayan mota, wai an taɓa zaunar mata da shi. Kafin mu isa Doso Zuwaira ta san sunan ƴaƴan matar duka, ta yi mata Zabarmanci, ta juya ta yi wa wani ɗalibi Faransanci, ta ci gyaɗar mutum uku. Ni ko ruwa ban iya roƙa ba. Ina ta kallonta. Nono ɗaya iyayenmu suka sha, amma ita duk inda ta zauna sai wurin ya zama ɗakinta.

Bayan Doso na taɓa ta na ce, "Nuna mini abin da za su tambaye ni."

Ta ce, "Hajiya Tsit ta yi magana! Ba tambaya ba ce, salula za su ba ki ki sayi tikiti."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane mana."

"To nuna mini."

Ta buɗe aplikasiyon ta miƙo mini. Ni dai abin da na sani a rayuwata shi ne, in za a gwada ka, ka yi bita. Haka aka koya mana tun firamare. Ita kuma, yanzu na gane, tsoro take ji kar aikinta ya sha kunya a ƙasar mutane. Daga nan har Gaya ina danna abu ɗaya: sama dama, na biyu a jeri, kore, ƙasa hagu, kore. Ban karanta ko kalma ɗaya ba, yatsana kawai ya riƙe hanya. Sau nawa na yi, Allah kaɗai ya sani. Batirin salular ne ya raba mu.

A Gaya muka tarar gada a rufe take, sai ta ruwa. Wanda bai ga bakin ruwan nan ba ba zai gane ba. Ƴan kamasho sun fi fasinja yawa, wannan ya ja jakarki, wancan ya ja hannun rigarki, kowa na rantsuwa kwale-kwalensa ne ba ya yoyo. Na ji abin ya fara tasowa daga cikina. Na kama bayan rigar Zuwaira da hannu biyu kamar ƴar yaye, na kafa ido a kan zanen furen da ke jiki, ban ɗaga kai ba. Wajen shiga takalmina na hagu ya maƙale a laka, na ja ƙafa, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Mai kwale-kwalen ya ce, "Bar shi ɗiyata, zakkar kogi ce." Kowa ya yi dariya. Tanti mai kifi ta zauna a kan buhunta tana salati da ƙarfi har muka taɓa ƙasa. Haka na shiga ƙasar Benin, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da laka.

A wurin duba takardu ɗan sandan ya tambaye ni sana'ata. Na tsaya ina kallonsa. Zuwaira ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Mai gwajin aplikasiyo ce, ƙwararriya." Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya buga hatimi. A Malanbil ta saya mini silifas kore mai hoton kada, ta ce ya dace da ƙwararru.

Mun kwana a Paraku gidan wata Hajiya ƴar Tawa mai fataucin albasa, ƙawar gwaggo. Ta sa aka daka mana sakwara da miyar gyaɗa, da wani cuku mai jan baya da suke kira wagashi. Mu cukunmu busasshe ne, sai da shayi. Nasu laushi gare shi, a miya ake jefa shi kamar nama. Na ci har na ji kunya. Hajiya ta tambayi Zuwaira a gabana, "Ita ce mai lalurar?" Zuwaira ta ce, "Ta warke." Na ajiye loma.

Washegari hanya ta yi tsawo, itatuwa suna ƙara duhu, iska tana ƙara nauyi har hijabi ya manne mini a wuya. Abin da ya fi ba ni mamaki a garuruwan kudu shi ne hotunan mamata. Manya-manya, a bango, da ranar biki. Mun wuce wata jana'iza, na ɗauka aure ne: ganga, rumfuna, dangi duka sun yi anko da atamfa iri ɗaya. Na ce a raina da Baba a nan yake da rumfa da ya huta. Mu da ake binne mutum kafin wasu dangin su ji labari.

Kwatano kuwa moto ce. Ƴan kabu-kabunsu zem ake ce musu, duk da riga ruwan ɗorawa, in danja ta tsayar da su sai ka ga titi ya koma gonar fure. Kuma e, mata na tuƙa moto, da goyo a baya, da kwando a gaba. Masaukinmu na ƴan coci ne, tsaf-tsaf, shiru, sai ƙararrawa safe da yamma. Mai gadin, wani dattijo Kirista, shi ya nuna mana alƙibla tun ba mu tambaya ba, ya ce ya saba da baƙi ƴan Nijar. Abinci kafa ce, wani tuwon masara a ganye, da soyayyen kifi da barkonon da ya sa Zuwaira hawaye, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai. Tun sha biyun rana suke gaida mutum da gaisuwar yamma. Teku na gan shi sau ɗaya, daga nesa. Ƙararsa ta ishe ni.

Yanzu ga taron. A bakin ƙofa aka ba kowane mai gwaji kati biyu, kore da ja. Kore: a yi mini magana. Ja: a ƙyale ni. Akwai kuma wani ɗaki a gefe mai labule da tabarma, ba fitila mai ƙarfi, duk wanda abu ya yi wa yawa ya shiga ya zauna, ba mai tambayarsa. Na tsaya bakin ɗakin nan na daɗe. Wato akwai inda ake gina wa abin ɗaki. Na jefa jan katin can ƙasan jakata, na rataya koren.

A nan na fara ganin Sena. Sa'ata ce, ƴar Kwatano, siririya, da wani babban kaske a kunne irin na masu jin kiɗa, amma nata ba kiɗa, toshe ƙara yake yi. A fili, a kan kitso, ja wur. Da aka ce kowa ya faɗi sunansa, ta ce, "Sunana Sena, ni otis ce, ba na son a taɓa ni, ba na kallon ido, ba raini ba ne." Haka kawai, kamar mai faɗin unguwarsu. Otis ɗin nan sunan da likita ya ba nata ne. Ni nawa ba wanda ya taɓa ba shi suna. Uwarta na zaune a baya, wata ƙatuwar mata mai sayar da kayan miya, tana gyaɗa kai kamar ɗiyarta ta ci kyauta. Mamana, Allah ya saka mata, in baƙi suka zo cewa take in shiga ɗaki in huta. Ban taɓa jin haushin hakan ba sai ranar.

Da aka zo kaina na ce, "Ramatu, daga Yamai." Na zauna.

Mai jagorar gwajin Madam Odil ce, mai furfura da tabarau a goshi. Ta zaunar da ni, ta ajiye salula a gabana, mutum biyar suka tsaya a baya da bik na rubutu da ƴan takardu masu launi da ake mannawa a bango. Ta ce, "Ramatu, ba ke muke gwadawa ba, aplikasiyon muke gwadawa. In kin maƙale, laifinsa ne. Ki sayi tikitin Yamai zuwa Maradi." Na ji maganar, amma na ɗauka irin abin nan ne da malamai ke faɗi kafin su raba takarda.

Sama dama, na biyu a jeri, kore, ƙasa hagu, kore. Kafin ta sauke tabarau daga goshi na gama.

Na jira tafi. Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya rubuta komai.

Ta ce, "Ina ne ya ba ki wahala?"

Na ce, "Babu, Madam. Ya yi kyau ƙwarai."

"Ko kaɗan?"

"Ya yi kyau. Allah ya ƙara basira."

To me zan ce? Baƙuwa ce ni, sun ba ni ɗaki, sun ba ni abinci, kuma aikin ƴar'uwata ne. A gidanmu ko tuwo ya yi gishiri ba ka faɗi a gidan mutane.

Sai aka kira Sena, aka ba ta aplikasiyon Zuwaira ɗin dai. Jama'a, ban taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba. Tun shafin farko ta ce, "Me ya sa wannan hoton ke motsi? Ku tsayar da shi." Ta danna, salula ta yi ƙara, ta jefar da ita kan tebur. "Wa ya ce ku yi mini ƙara?" Ta ɗauka ta ce maɓalli biyu kore ne, wanne ne gaba wanne ne baya. Ta ce rubutun ya yi cunkoso kamar kasuwa. A shafi na uku ta ture salular ta ce, "Na fasa tafiyar. Gara in je tasha da ƙafa." Ta ɗaga jan kati, ta tashi ta shige ɗakin labule.

Suka tafa mata! Bik na gudu a kan takarda, ana manna wa bango. Zuwaira da kanta, wadda aka yi wa aikinta kaca-kaca, tana rubutu tana cewa madalla. Da aka tashi cin abinci na je na duba bangon. Ƙarƙashin sunan Sena takardu goma sha huɗu. Ƙarƙashin nawa ba komai sai fenti.

Ni da na yi daidai. Ni da na kwana biyu a hanya, na ba kogi takalmi, na danne abin nan a bakin ruwa har haƙorana suka yi ciwo. Ita da ta taka daga bayan layi ta zo ta yi abin da ni in na yi a gida za a kira malam. Abincin ranar ko taɓa shi ban yi ba.

Madam Odil ba yarinya ba ce. Ta same mu a baranda ta ce, "Sau nawa ta gan shi kafin yau?" Zuwaira ta fara kame-kame. Madam ta ce, "Yatsanta na isa wurin kafin shafin ya buɗe." Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da Zuwaira ta je ta gyara abin da Sena ta faɗa, ta sauya wa maɓallan wuri, kuma kar in gani. Jibi za a sake, ba a ɗaki ba, a tasha, inda mutane ke sayen tikiti da gaske.

A masauki muka yi ta. Zuwaira ta ce, "Kin sa an ɗauke ni mai maguɗi."

Na ce, "Wa ya miƙo mini salular?"

"Wa ya roƙa kamar mai jin yunwa? An kawo ki ki maƙale, kin ƙi maƙalewa!"

"In na maƙale ki rubuta wa Baba, ko ba haka ba, shaida?"

Sai a lokacin ita ma ta ga ramin da muke ciki. Nan ana so abin ya fito, gida ana so kar ya fito, kuma aikin ɗaya ne.

Ranar tasha da hantsi aka kai mu, har da Sena da uwarta. Tashar ta ninka ta Yamai hayaniya: hon, masu talla, lasifika biyu suna faɗa da juna, warin mai da soyayyen abu. Madam ta ce tikitin na wasa ne, in na gama zai nuna mini lambar wata kar in je in tsaya gabanta. Ta ce, "Katinki ja yana hannu? Ko yaushe kika ɗaga mun tsaya." Na ce e. Yana ƙasan jaka, ƙarƙashin sallaya.

Na danna sama dama. Ba komai a wurin. Dole na fara karantawa.

Gaskiya gyaran Sena ya yi amfani, ko da ba na son faɗi. Hoton ya daina motsi, rubutun ya sami sarari. Na wuce shafi ɗaya, na biyu, na uku, a hankali, ina bin layi da yatsa. Sai na iso shafin da Sena ba ta taɓa kaiwa ba, wanda ni kuma a ɗaki na wuce shi kamar iska ban ko gan shi ba, don a can an riga an cike gurabensa. A samansa akwai agogo. An riƙe miki kujera, saura minti biyu. Lambobin suna raguwa a kan idona. Ana so in rubuta sunana da lambar katin shaidata. Na fara, na yi kuskure, na goge. Saura minti ɗaya, agogon ya koma ja. Ya fara ƙiftawa. Wani ya bangaje ni da buhu. Harafin sunana na farko ya hau na biyu. Salular ta yi rawa a hannuna, komai ya goge, ta mayar da ni shafin farko.

Daga nan ban san tsarin abin da ya faru ba. Na san ina ƙasa, a kan laka da ɓawon lemo, hannuwana a kunne. Na san Zuwaira na jijjiga kafaɗata tana cewa da Hausa, "Tashi, don Allah tashi, ana kallonmu, Ramatu ki rufa mana asiri." Duk jijjigar da ta yi sai in ƙara nutsewa. Ina so in ce mata ta bari, ba baki. A cikin kaina abu ɗaya ke juyawa: shi ke nan, magana ta ƙare, shi ke nan.

Sai hannun ya bar kafaɗata. Haske ya ragu. Uwar Sena ce ta janye Zuwaira, ta kwance zanenta na sama, ita da wata mai tallar abarba suka riƙe shi suka yi mini labule. Ta juya mini baya tana korar mutane da yarensu, da muryar da ta fi lasifika. Ba wanda ya tofa mini komai, ba wanda ya ce a kawo ruwa a watsa. Can sai na ga hannu ya shigo ta ƙarƙashin zanen ya ajiye jan kaske a gabana, ya fita. Bai taɓa ni ba.

Na sa. Wayyo Allah. Ashe haka Sena take ji kullum. Tashar ta koma can nesa kamar a gidan maƙwabta. Na zauna a cikin shirun nan ina kuka, kuma ko a cikin kukan ina tunanin tun tana shekara nawa aka saya mata, ni ina yawo da auduga a ɓoye kamar ɓarauniya.

Da la'asar, bayan na yi barci a ɗakin labule, Madam Odil ta tambaye ni ko ina so in yi magana ko a bari. Na ce zan yi. Na ce agogon ne. Na ce in ana ƙirga mini lokaci ba na iya karatu. Na ce jan ya yi kama da bik ɗin malami. Na ce in lokaci ya ƙare kar a goge abin da na sha wahala na rubuta, a tambaye ni ko ina nan. Na ce a bar mutum ya ji rubutun da murya, da Hausa, ba kowa ke son karatu a tsaye ba. Ina faɗi suna rubutawa. Wani mai ƙera aplikasiyon asibiti daga Lome ya dafe kai ya ce nasa ma akwai agogon. Washegari Zuwaira ta cire shi, ta sa wani ɗan rubutu: kujerarki na nan, yi a hankali. Na gwada a ɗaki, na gama ni kaɗai, ba hadda.

Na je na ƙirga bangon. Takardu tara ƙarƙashin sunana. Na Sena goma sha huɗu har yanzu. Amma agogon nawa ne, ita ba ta ko kai wurin ba. Da na mayar mata da kasken ta ce, tana kallon silifas ɗina, "Ranar farko ƙarya kika yi." Na ce e. Ta ce, "Kadan nan ya yi kyau." Ta karɓi lambata. Sannan ta fita bakin titi ta tsayar da zem, ita kaɗai, ta yi ciniki, ta hau ta tafi, uwarta ko juyowa ba ta yi ba.

Dawowa ba abin faɗi. Hanya ɗaya, kogi ɗaya, na cire takalma na riƙe a hannu. Bayan Doso Zuwaira ta ce, ba ta kalle ni ba, "Zan ce wa Kawu lafiya lau. Ke dai ki yi abin da kika iya, ki yi tsit."

Haka ta yi. Bayan la'asar Baba na zaune a tsakar gida, ta durƙusa ta zuba masa: ko tari ban yi ba, Turawa da baƙaƙe sai yabo. Baba ya yi murmushi ya ce, "To alhamdu lillahi. Alkawari alkawari ne." Na samu ke nan. Sai in tashi.

Amma ina durƙushe ina tunanin ranar farko a buro. Za su ba ni salula, zan ji tsoron kar labari ya iso gida, zan ce ya yi kyau ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Aikin da aka ɗauke ni don in faɗi inda na maƙale.

Na ce, "Baba, ya tashi."

Zuwaira ta mintsine ni. Na ce, "A tasha, gaban mutane. Na zauna ƙasa. Kuma abin da suke so ke nan, Baba, ba faɗuwar ba, abin da ya kayar da ni. In na shiga aikin zai iya sake tashi."

Baba ya ajiye carbinsa. Mama ta fito bakin ɗaki ta tsaya. Can ya ce, "Da kika zamna ƙasa, wa ya tsaya kanki?"

Na ce, "Wata mai kayan miya da wata mai abarba. Suka yi mini labule da zane."

"Ba wagga ba?" Ya nuna Zuwaira da haɓa.

"Ita cewa take in tashi."

Zuwaira ta ce, "Kai Kawu, ni fa na kai ta na dawo da ita!"

Ya ce, "Ke shaidar zur, yi mini shiru." Sannan ya ce, "Sharaɗina ya karye, wannan babu gardama. Ke kaɗai ba ki hita. Amma Zongo kan hanyar kasuwa take. Ni zan kai ki, ni zan ɗauko ki. Kuma ku hwaɗa wa mai buron nan, in ba shi da wurin da za ki zamna in ya tashi, ni ina da atamhwa, in yanka mishi labule."

Yau kwana shida da na fara. Kullum a bayan moton Baba, kamar ƴar firamare, kuma ba ya tafiya sai ya ga na shige ƙofa. Masu shagunan layin har sun fara gaishe shi. Jiya na maƙale a wani shafi, na faɗa, aka rubuta.

Shekaranjiya Sena ta aiko mini hoto. Tana kan zem a bakin teku, kaske a kai, ba kowa tare da ita sai mai tuƙi. Ta rubuta a ƙasa: yaushe za ki dawo? Na buɗe hoton ya fi sau goma. Ban amsa mata ba tukuna.